Ƙura da na'urorin auna yanayi a Yamai

Yamai ba ta rasa cibiyoyin nazarin yanayi ba. Ga AGRHYMET da aka kafa a 1974, ga ACMAD, ga masu bincike na Jami'ar Abdu Mumuni. Can Banizumbu, wajen kilomita 60 gabas da gari, akwai na'urar Cimel mai bin rana tana auna ƙurar da ke sama. Sayen na'ura ba shi ne wuya ba, wahalar ita ce ta ci gaba da faɗin gaskiya bayan hazo ya yi wata uku yana sauka a kanta.

A duba ma'aunin ruwan sama mai cokali biyu. Ruwa na bi ta mazurari ya cika cokali ɗaya, ya rinjaya ya zubar, ɗayan ya karɓa, na'ura kuma ta rubuta lokacin. In bakin mazurarin murabba'in santimita 400 ne, kowace juyawa mililita 20 ce, wato milimita 0.5 na ruwan sama. Kafin damina sai a gwada shi: a tsiyaya lita ɗaya sannu a hankali cikin rabin awa, a ƙirga juyawa 50. In an samu 46, a gyara kusoshin da cokulan ke sauka a kai, a sake. Kada a kwarara ruwan gaba ɗaya, don wanda ya zubo lokacin da cokali ke juyawa ba ya shiga lissafi. Shi ya sa ma na'urar ke rage adadi ran da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Ruwan farko shi ya fi yaudara. Ƙurar rani ta jiƙe ta zama laka, ko zanzaro ya yi gini a maƙogwaron mazurari, sai ruwa ya taru yana ɗiga. A kwamfuta za a ga yayyafi na awa shida, alhali hadarin minti arba'in aka yi.

Ma'aunin hasken rana kuwa, gilashinsa na son shafa da tsumma mai laushi kowace safiya, tun rana ba ta ɗaga ba. Farantin sola ma haka. In ƙura ta rufe shi batir ba ya cika, cikin dare na'urar adana bayanai ta mutu, kuma a tashar ƙauye sai a yi mako biyu kafin wani ya lura.