Ruwan da na riƙa takawa gaban firigo

Ina sayar da ƙanƙara da zoɓo a gida, nan unguwar Bukoki a Yamai, kuma firigo ɗaya ne jarina. Mai ƙofa biyu ne, da fanka a ciki, irin wanda ba ya tara ƙanƙara a jikin bango. A watan Agusta, damina ta yi tsaka, sai na fara tashi da asuba ina taka ruwa a gabansa. In na jawo akwatin ƙasa, in tarar da tumatir da tattasai kwance cikin ruwa. A sama kuwa ƙanƙara ta shimfiɗe wurin daskarewa, kaurin yatsa biyu, ledojin zoɓo sun manne a ciki sai an ɓamɓaro.

Har hannuna ya kai ga wuƙa, sai na tuna da tsohon firigona. Da wuƙa na sari ƙanƙararsa, tsinin ya huda bututu, ina ji gaz ya yi fuuu ya tsere. Ban ƙara morarsa ba. Na ajiye wuƙar, na kira yayana da ke gyaran firigo wajen kasuwar Katako.

"Yaya, inji ne ya mutu?"

"Yana sanyi?"

"Yana yi."

"To kwantar da hankalinki, ƙanwata. Hanyar ruwa ce ta toshe."

Shi ya fahimtar da ni abin da na shekara ina gani ban gane ba. Bayan bangon wurin daskarewa akwai bututun sanyi, a ƙarƙashinsu wani ƙarfe da ke ɗaukar zafi lokaci lokaci ya narkar da raɓar da ta daskare. Ruwan ya faɗa wani ɗan rami, ya bi tiyo ta baya, ya sauka cikin tasar roba kusa da inji, zafin injin ya busar da shi. In ramin ya toshe, ruwa ba shi da mafita: wani ya daskare a sama, wani ya gangaro kan kayan miya.

Na zare wayar kuran, na kai kayana firigon maƙwabciya, na bar ƙofofi a buɗe da tsummoki a ƙasa. Na sa kwanon ruwan zafi a ciki, ina sakewa in ya huce. Sai bayan la'asar bangon ya saku, na kwance kusoshinsa a hankali don kada in tsinke wayar fankar. Ga ramin nan, bai kai faɗin ɗan yatsa ba, ƙanƙara ta cushe shi. Na riƙa ɗura ruwan ɗumi da sirinji, yana dawowa. Sau nawa na yi, ban ƙirga ba. Da na janye firigon daga bango na duba bakin tiyon ta baya, sai na ga wata ƴar roba mai tsaga ta liƙe da laka baƙa, ƙurar hunturu ce ta haɗu da danshi. Na zare ta, na wanke da sabulu, na mayar. Na sake ɗura ruwa, sai na ji ƙululu, ya zubo cikin tasar. Wallahi daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Amma Yaya ya ce da saura. Ya sa na maƙale takardar jika a bakin ƙofa in rufe in ja. A sama ta riƙe gam, a kusurwar ƙasa ta zame ba wuya. Robar ƙofar ta tsage a nan, sukarin zoɓo ya bushe a kanta. Ta wannan tsagar iskar damina mai laima ke shiga dare da rana, ta zama ƙanƙara fiye da yadda firigon zai iya narkarwa. Ya zo washegari ya sake robar, ya ɗan ɗaga ƙafafun gaba don ƙofa ta riƙa rufe kanta.

Akwai nawa laifin. Saboda gaggawar ciniki nakan jera zoɓo da sauran ɗuminsa, in cika wurin har ledoji su toshe gaban fanka. Yanzu sai ya huce sarai, na goge jikin ledojin, kuma in an ɗauke kuran ba mai buɗe ƙofar nan, ko yara sun yi ta naci. Sirinjin yana nan cikin kwano a kan firigo, duk ƙarshen wata nakan janye shi daga bango in leƙa tasar.