Ƙarar guduma a Kara-Kara

Tun kafin ladan ya kira assalatu nake sanin ko akwai ruwa a unguwa. In na ji bido-bido suna gwaruwa a lungu, yara suna gudu da silifas, to famfo ya kawo. Sai in taɓa 'yata babba da ƙafa, mu ɗauki namu huɗu mu fita. In kuwa shiru ne, na san kuɗin ɗinkin jiya na mai ga-ruwa ne.

Gidanmu gidan haya ne, ɗaki tara, iyali bakwai, bayan gida ɗaya. Keken ɗinkina yana bakin ƙofa, kuma in zan yanka yadi sai na naɗe katifa na jingine ta a bango. Tarin maƙwabcina ina jin sa kamar a kan gadona yake yi. Ranar da tukunyar wata ba ta hau murhu ba kowa ya gani, babu mai magana, sai dai da almuru a aiki yaro da kwano a rufe.

Ƙishirwar Damagaram tsohuwa ce. Garin a kan dutse yake zaune, ko an haƙa rijiya ba a cika samun abin kirki ba, shi ya sa ake jawo mana ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, daga baya aka ƙara da Ganaram. Gari kuwa kullum ƙaruwa yake. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, famfo yakan yi kwanaki bai ɗiga ba, kuɗin bido ya ninka ya sake ninkawa. Mai tanki a saman soronsa ba ya jin wannan. Mu da muke sayen ruwa bido-bido mu ne muka fi kowa biyan sa da tsada.

Amma abin da ya fi ruwa ci mini rai shi ne sunan unguwar, Kara-Kara, wanda yake riga mu shiga ko'ina. Nan ne aka ware wa masu ciwon kuturta tun da daɗewa, a gefen gari, don kada su cuɗanya da mutane. Daga baya makafi da guragu da duk wanda ba shi da kuɗin haya a Birni ko Zango suka biyo. Ciwon yanzu yana da magani, yana warkewa, ƙyamar ce ba ta warke ba. Bara wata hajiya ta ga rigar da na ɗinka wa ƙanwarta, ta kira ni a waya tana ta yabo. Ta ce, "'Yata, ina ne wurin naki in aiko da atamfofin biki?" Na ce, "Kara-Kara, Hajiya." Ta yi jim, sannan ta ce za ta sake kira. Har yau ina da lambarta.

Baba ba a nan aka haife shi ba. Daga wani ƙauye wajen Matamaye ya shigo yana saurayi, lokacin gyaɗa tana tashe. A zamanin nan, kafin uraniyom, gyaɗa ce babbar hajar da Nijar take fitarwa waje, kuma kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 shi ke sayen ta. Baba ɗan dako ne. Yakan ba mu labarin buhuna jibge kamar tsauni, da manyan motoci suna lodi su nufi Kano. Ya ce da kaka mutum sai ya zaɓi wanda zai yi wa aiki. Ga majema, ga masana'antar sarrafa hatsi ta SOTRAMIL, duk wanda ke da ƙarfi yana da abin yi. Sai farin 1973 da 1974 ya zo, a 1975 kuma ciwo ya faɗa wa gyaɗar, tun daga nan ba ta sake komawa yadda take ba. Baba yana haɗa wannan da ɗauke hedikwata da Turawa suka yi daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, ya ce garin nan sau biyu aka zare masa tabarma. Da aiki ya ƙare bai koma ƙauye ba, don gonar ma ba ta ba da komai. Ya kama ɗaki a inda ya fi araha, nan ya auri Inna, nan muka taso, nan aka ɗauki gawarsa.

Inna dutse take fasawa. Duk wanda ya ce mutanen unguwarmu malalata ne, ina so ya zauna kusa da ita wuni ɗaya. Maza ne suke shiga rami, su hura wuta a jikin dutse har ya tsage, su sare shi manya-manya. Mata su ɗauko, su zauna a ƙasa su miƙe ƙafa, dutse ɗaya a matsayin maƙera, guduma a dama. Inna tana naɗe yatsun hagunta da tsumma, duk da haka farcen babban yatsanta ya daɗe da mutuwa, baƙi ne ƙirin. Tsakuwa ta taɓa fallatsa mata a ido, har yanzu yana hawaye in iska ta taso. Sai ta tara tsibi kafin mai amalanke ya zo ya taya, kuma shi ke yanka farashi, don ya san ba za ta iya jira gobe ba. Tsakuwar nan ita ake zuba wa a dakalin benayen da ake ginawa a sababbin unguwanni. Na sha roƙon ta ta bari, sai ta ce, "Ke dai ki ji da yaranki, ni hannuna bai mutu ba."

Ba zan ɓoye maganar 'yan pale ba, don ƙanena ya yi. Ƙungiyoyin samari ne, kowace da matattararta, suna ɗaga ƙarfen da suka haɗa da siminti da tsofaffin kayan mota, wasu suna shan ƙwaya, kuma an yi faɗace-faɗace da adduna da suka bar wa mutane tabo. Na taɓa wanke masa kai da ruwan gishiri da tsakar dare, Inna tana riƙe da fitila hannunta na rawa. Yana da shekara 16 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin gari, a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana. Na tuna yadda samari suka sa rai. Sai dai matata injuna ne da masu takarda, ba irin aikin gyaɗa ba ne da ke cin ɗaruruwan kafaɗu, shi kuwa tun a firamare ya bar lakwal. Abin da ya fitar da shi daga pale shi ne ruwa-ruwa, man da ake shigowa da shi daga Najeriya a sayar a kwalabe bakin hanya. Da shi ya yi aure. Da aka cire tallafin mai a can a 2023, ribar ta tafi. Yanzu kabu-kabu yake yi da babur ɗin wani, kullum da dare ya kai balas, abin da ya saura shi ne na tuwo. Bai koma pale ba, kuma kullum ina yi masa addu'a.

Daminar 2024 ta gwada mu. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa da ya haura shekara 170, ya rushe saboda ruwa, aka yi ta nuna shi a waya. A makon da ya rushe, bangon ɗakin Inna ma ya zauna. Samarin da ake tsoro su ne suka zo cikin ruwa suka kwashe mata kaya, suka kwaɓa ƙasa da rana ta fito, ba su karɓi ko dala ba sai shayi da na dafa musu. Wata biyu tana kwana a ɗakina, mu shida, keken ɗinki a kan tebur an rufe shi da leda.

Yau da safe famfo ya kawo, mun cika bido huɗu har da baho. Da hantsi na aiki ƙaramar 'yata ta kai wa Inna fura wajen dutse. Ta dawo da ƙura fari fat a ƙafafunta, ta ce mai amalanke bai zo ba tukuna, kuma kaka ta ce in aiko mata da ragowar ƙyalle mai kauri, na yatsunta ya cinye.