Daga Kumasi Zuwa Salaga a Tsohuwar Hanyar Goro

Hanyoyi biyu ne ke kai mutum Tamale daga Kumasi. Wadda kowa ya sani ita ce ta Techiman da Kintampo, mai lamba N10, wadda manyan motocin Burkina Faso da Mali da Nijar ke bi dare da rana, tsawonta kuwa ya kusa kilomita 380. Ɗayar ita ce tsohuwar, wadda ta ratsa Mampong da Ejura da Atebubu ta dire a bakin ruwa a Yeji, inda sai an shiga jirgin fito kafin a taka ƙasar Gwanja a nufi Salaga. Ta nan goron Asante ya riƙa fita zuwa ƙasar Hausa, kuma ita ce Turawan mulkin mallaka suka mayar babbar hanyar mota ta arewa, kafin tafkin Volta ya zo ya raba ta biyu. A zangon Kumasi da wuya a sami gidan da ba shi da kakan da ya sauko ta wannan hanya, amma da yawa daga cikinmu a bakin tsofaffi kaɗai muka san ta.

Ƙanena ne ya janyo tafiyar. Ya sayi Toyota 86 da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema, mota mai ƙofa biyu wadda tayoyin baya ke turawa, irin wadda aka ƙera domin gudu da shan kwana, ba domin ɗaukar iyali ba. A cikin Kumasi kuwa ba ta da inda za ta nuna kanta, domin daga Aboabo zuwa Kejetia mai tafiya a ƙafa ma yana iya riga ta isa. Burinsa shi ne mu kama N10 ya taka ta son ransa har Paga, a bakin iyakar Burkina Faso. Na ce masa idan da ni za a yi, to ta Yeji za mu tafi, mu dawo ta Kintampo, kowa ya sami abin da yake so. Ya ce, "Yaya, wannan motar ba ta san burji ba." Na ce ai kafin mu dawo za ta sani.

Shirin ya fi tafiyar cin lokaci, kuma a Suame Magazine muka fara shi, unguwar makanikai da masu kayan gyara da ba ta da ta biyu a Ghana. Mastan da ke duba motocin gidanmu bai ko buɗe inji ba da farko. Durƙusawa ya yi ya cusa hannu tsakanin bamban gaba da ƙasa, ya ɗago ya nuna mana cewa tazarar ba ta kai santimita 15 ba, sannan ya ce, "Alhaji, injin nan ba shi da matsala, cikinta ne abin tsoro." Shi ya sa muka sayi katakai biyu masu kauri, aka yanke su daidai yadda za su shiga idan an kwantar da kujerun baya, domin a riƙa shimfiɗa su a duk inda hawa ya yi tsini. Ya sa muka nemi cikakkiyar taya ta ajiya, saboda tayoyin irin wannan mota ba su da kauri a gefe, rami ɗaya yana iya fasa taya ya lanƙwasa ƙarfenta, kuma ba a kowane gari ake samun girmansu ba. Muka ƙara da famfon iska da jak mai kwanciya da matatar iska ta canji saboda ƙura. Da aka gama loda waɗannan, wurin da ya rage wa kayanmu bai wuce na 'yar jaka ɗaiɗai da darduma ba.

Sai batun mai. Tankinta lita 50 yake ci, injinta kuma ya fi son fetur mai lamba 95, wanda a manyan garuruwa aka fi samu, don haka muka yanke cewa ba za mu wuce gidan mai mai kyau ba tare da cika tanki ba, ko da rabi kawai ya sauka. Muka tattara lasin da inshora da takardar lafiyar mota ta DVLA, hukumar lasin da rajistar motoci, muka tabbatar da tukunyar kashe gobara da alamar gargaɗi mai kusurwa uku suna ciki, domin mota irin wannan ba ta wuce shingen 'yan sanda ba a tsayar da ita ba, ko da don a kalle ta ne kawai. Lokaci kuwa muka zaɓi hunturu, lokacin da ƙasa ta bushe babu taɓo, duk da mun san hazo zai rage mana gani.

Daren da za mu tashi muka je sallama wurin Kawu, wanda ya yi shekaru yana cinikin goro kafin ƙafa ta zaunar da shi. Ya saurari lissafinmu na kilomita da awoyi har muka gama, sannan ya tambaye mu inda za mu kwana da inda za mu yi azahar, ya ce madugu ba ya tashi da ayari sai ya san zangon da zai sauka da ruwan da dabbobi za su sha, kuma jagaba yana gaba yana duba hanya tun kafin jakin farko ya motsa. Ya hana mu tafiyar dare, ya kuma ce kada mu ɗaura lissafinmu a kan agogo idan mun isa Yeji, domin jirgi ne zai faɗi lokacin da za mu haye. Muka ce, "To, Kawu, a sa mu a addu'a."

Bayan sallar asuba muka fita ta Tafo. Garuruwan farko a jere suke kamar unguwanni, Pankrono ta masu tukwane, Ahwiaa ta masu sassaƙa, Ntonso ta masu buga zanen adinkra, kuma kowannensu ya gina wa kansa tudun rage gudu a kan kwalta. A nan ƙanena ya fara koyon darasin da zai yi ta maimaitawa: a tsaya cak, a karkata sitiyari, a hau tudun a kaikaice taya ɗaya bayan ɗaya, alhali direbobin trotro, ƙananan motocin haya, na bayanmu suna danna oda suna dariya. Bai sami sararin murmushi ba sai da muka wuce Jamasi muka fara hawan dutsen Mampong. Hanyar tana naɗe jikin dutsen tana juyawa hagu da dama, daji na ƙasa a gefe guda, motar kuma ta manne da kwalta ba ta ko rangaji, sitiyari yana amsawa tun kafin hannu ya gama juya shi. A wannan 'yar tazara na gane abin da ya sa mutum zai zuba kuɗinsa a motar da ba ta ɗaukar buhun masara ko ɗaya. Sai dai hawan gajere ne, kuma a bayan kowace kwana ana iya cin karo da babbar mota maƙare da doya tana saukowa a tsakiyar hanya.

Daga Ejura ƙasa ta fara canjawa. Manyan itatuwa suka ja baya, gonakin masara da doya suka buɗe, iska ta bushe har leɓe ya fara tsagewa. Wannan canjin shi ne asalin cinikin gaba ɗaya, domin goro a cikin kurmi yake yi, masu cinsa kuwa suna can a ƙasashen da ba ya yi, daga Sakkwato da Kano har Barno. Jakuna ba sa jure ƙudan tsando na kurmi, ga shi kuma sarakunan Asante a ƙarni na 19 sun fi son baƙin 'yan kasuwa su tsaya a Salaga, don haka a ka ake ɗauko goro daga kudu a bi da shi ta Atebubu a haye Volta. A Salaga fatake ke jiran sa da kanwa da tufafin rini da fatu da dabbobi, bayan sun kwashe watanni a hanya ta Borgu da Djougou da Sansanne Mango ko Yendi. Goro kaya ne mai son kulawa, dole a naɗe shi cikin ganye, a riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa ana tsince wanda sankara ta kama, in ba haka ba ribar wata uku ta ruɓe a bayan jaki. Lokacin da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874, ikon Asante a kan arewa ya karye, hanyar ta rikice, kasuwar goro ta fara rarrabuwa zuwa Kintampo da Atebubu.

A Atebubu muka ci waakye, wato shinkafa da wake, muka cika tanki. A Prang muka yi azahar, garin da 'yan Tijjaniyya daga ko'ina a Ghana ke cika wa lokacin Maulidi saboda marigayi Shehu Abdullahi Maikano. Daga nan ba mu ƙara tsayawa ba sai Yeji.

Tun kafin a ga ruwa ƙamshin banda ke sanar da mutum cewa ya iso, domin Yeji babbar kasuwar kifi ce. A bakin fito muka bi layi a bayan motocin doya da gawayi da wata mota cike da shanu, muka zauna jira kamar yadda Kawu ya faɗa. Da jirgin ya iso ya sauke ƙofarsa ta ƙarfe a kan gangare, sai muka ga abin da Masta ya hango tun daga Suame. Ruwa ya ja baya saboda rani, gangaren ya yi tsayi, tsakanin ƙasa da bakin ƙofar kuma akwai wani lungu da babbar mota ke wucewa ba ta ji ba, amma mu hancin motarmu zai soka kai tsaye. Muka fito da katakan. Wasu samari masu dako suka taya mu tara duwatsu a ƙarƙashinsu, ɗaya ya kwanta rub da ciki a ƙasa yana leƙen ƙarƙashin motar yana ɗaga hannu, yana cewa "Kaɗan-kaɗan, Masta, tsaya, juya dama, zo." Ni na fita domin a rage nauyi. Ƙanena yana zufa duk da sanyin hunturu, yana sakin kuloci da kyar, har tayoyin gaba suka hau, katako ɗaya ya yi ƙara ya tsage, na baya suka biyo, fasinjojin da ke saman jirgi suka sa tafi. Wata tsohuwa mai kwandon kifi ta dube ni ta ce, "Ɗana, wannan motar ta amarya ce?"

Tafkin da muka haye bai girmi iyayenmu ba. An kammala madatsar Akosombo a 1965, ruwan ya taru ya rufe kimanin murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutane wajen 80,000 daga garuruwansu, tsohuwar Kete Krachi ma tana ƙarƙashinsa. Inda a da ake haye kogi cikin ɗan lokaci, yanzu sai an yi tafiya mai nisa a kan ruwa, ana ganin kawunan matattun itatuwa suna leƙowa, waɗanda su ne babban haɗarin kwale-kwale a tafkin. Wannan jira da wannan fito su suka kori manyan motoci zuwa hanyar Kintampo, inda akwai gada a Buipe da Yapei.

Daga Makango, inda jirgin ya sauke mu, zuwa Salaga ba nisa, amma a hankali muka yi ta, gilashi a rufe, jar ƙura tana bin mu. Wanda ya taso yana jin tsofaffi na ambaton Gwanja zai yi tsammanin birni, sai ya tarar da gari madaidaici mai masallatai da yawa, wanda Hausa ke gudana a kasuwarsa ba tare da an nemi tafinta ba. Wani dattijo da muka gaisa da shi bayan la'asar ya sa jikansa ya zagaya da mu. Ya nuna mana tsofaffin rijiyoyi da aka haƙa birjik a cikin dutse, waɗanda suka shayar da ayarori a garin da ba shi da kogi a kusa, ya kuma kai mu filin da aka sayar da bayi. Wannan ɓangaren ba a cika faɗarsa a zaurukanmu ba idan ana yabon fatake, alhali a kasuwa ɗaya aka yi cinikin goro da na mutane, kuma masu saye da sayarwa ba baƙi ba ne a wurinmu. Ban ga dalilin da zai sa mu riƙa ɗaukar rabin labarin mu bar rabi ba.

Yaƙin basasar 1892 a kan sarautar Kpembe, masarautar Gwanja da Salaga ke ƙarƙashinta, shi ya tarwatsa Salaga. 'Yan kasuwa da malamai suka watse zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo, wasu suka gangara har Accra, bayan Ingilishi sun kama Kumasi a 1896 kuma zangonmu ya fara cika. Cikin waɗanda suka bar garin akwai Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya koyar a Salaga, ya koma Kete Krachi ya zama limami, ya yi rubuce-rubuce da waƙoƙi cikin Larabci da Hausa har rasuwarsa a 1934. Ƙanena, wanda ya yini yana ƙorafin ƙura, shi ne ya tsaya yana yi wa dattijon tambayoyi game da unguwar da Kanawa suka zauna, har aka kira magariba.

Hanyar Salaga zuwa Tamale ta haura kilomita 100, wani wuri kwalta mai kyau, wani wuri aiki bai ƙare ba, katakon da ya rage mana kuma ya sake yin amfani. A Tamale muka canja matatar iska, wadda ta koma ja kamar an tsoma ta a kunun kanwa, muka bar zancen Paga zuwa wani lokaci, muka juyo kudu a kan N10. Tsakanin Yapei da Buipe hanya ta miƙe, gari ya yi nisa da gari, ƙanena ya sami filin da ya yi ta mafarki, duk da cewa doka ba ta yarda a wuce kilomita 90 a awa ba a irin wannan hanya, ni kuma ina gefe ina tuna masa, ga shanun Fulani da ke tsallakawa ba sallama. Manyan motoci suna ta wuce mu zuwa kudu da albasar Nijar da tumatirin Burkina, wasu suna haurawa arewa da kayan da aka sauke a Tema. Daga Kintampo hazon ƙura ya fara raguwa, kurmi ya dawo, tudun rage gudu ma suka dawo, kuma daga Offinso har Suame a bayan wata tirela muka rarrafa, ƙanena ya miƙo mini makulli ya ce ƙafarsa ta hagu ta gaji da kuloci.