Kayan wasan ƴan kyanwa: abin da muke ɗinkawa da abin da ba mu sayarwa

Sana'armu a Yamai ƙarama ce, muna ɗinka kayan wasan kyanwa muna sayarwa. Ƙyallaye daga wajen teloli muke samu, kwali da sanduna daga kasuwar Katako, gashin zabo kuma daga masu figar kaji. Mai saye yakan shigo idonsa na kan abu mai ƙyalli, alhali ita kyanwa motsi take bi. Wasanta duka koyon farauta ne: ta laɓe, ta yi sanɗa, ta daka tsalle, ta cafke, ta ciza.

Abin da ya fi tafiya shi ne sanda mai gashi. Sanda santimita 50, igiyar auduga mai kauri santimita 60, gashin zabo 4 ko 5 a bakinta. Gashin sai an wanke shi da ruwan zafi an shanya a rana saboda ƙwari, kuma ɗinke shi muke, ba mannawa ba. Sai ɓeran ƙyalle mai tsawon santimita 8, ɗinki biyu, cikinsa auduga. Ba mu cusa soson katifa, don tana yagarsa ta haɗiye. Idon duwatsu ko maɓalli ma ba mu sa masa. Ƙwallo kuwa kada ta gaza girman ƙwan zabo. Kwali shi ne mafi arha: a cire ƙarafan da aka danne shi da su, a huda ramuka masu faɗin santimita 6, a jefa ƙwallo ciki.

Babban abin da muke ja wa mutane kunne a kai shi ne zare. Harshen kyanwa na da ƙayoyi ƙanana masu kallon maƙogwaro, shi ya sa in zare ya shiga bakinta da wuya ta iya tofarwa, sai dai ta yi ta haɗiya. Bakinsa ɗaya yakan naɗe a ƙarƙashin harshe, sauran ya wuce ciki, hanji ya tattare a kansa har zaren ya yanke shi. Za a ga amai, ƙin abinci da kwanciya. In kun ga zare ya leƙo daga bakinta ko ta baya, don Allah kada ku ja, ku kai ta wurin likitan dabbobi a ranar. Zaren kitso, ulu, robar ɗaure kuɗi, allura mai zare, duk haɗarinsu ɗaya. Ko sandar da muke sayarwa, a ɗaga ta a ɓoye in an gama wasa. Kafur na cikin akwatin tufafi ma, tana ɗaukarsa ƙwallo, guba ce gare ta.

Wajen wata 3 zuwa 6 ƴar kyanwa take sauya haƙora, na nono 26 su zube, 30 su fito. A lokacin ne cizo ke yawa, kuma a lokacin ne yara ke ɓata ta da ba ta yatsa. Cizon da ake dariyarsa yau, bayan shekara jini zai fitar. In ta kama hannu kada a fizge, a tsaida shi cak, a miƙa mata ɓeran ƙyalle. Duka ba ya gyara ta, tsoro kawai yake sa mata.

Yadda ake jan sandar ma aiki ne. A ja gashin a ƙasa yana guje mata, a tsaya, a ɓoye shi bayan ƙafar kujera, a sake ja. Ɓera ba ya tunkarar kyanwa, saboda haka kada a riƙa kaɗa mata gashin a fuska. Lokaci zuwa lokaci a bar ta ta kama, in ba haka ba ta gaji ta watsar. Wannan ne ya sa ba mu sayar da fitila mai haska jan ɗigo a ƙasa don kyanwa ta bi, babu abin cafkewa a cikinta.

Minti 10 zuwa 15 ya isa, sau 2 ko 3 a yini, bayan asuba da wajen magariba, lokacin da ta fi kuzari. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Yamai ke haura digiri 40, ban da wasan rana. In ta buɗe baki tana haki, a tsaya nan take, a kai ta inuwa, a ajiye mata ruwa. In an gama wasan dare a ba ta abinci, za ta lashe jikinta ta kwanta.