Na daina jin yunwa, na ɗauka juriya ce

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne alfaharin da na riƙa yi. Nakan gaya wa abokan wasana cewa ni yunwa ba ta kama ni, barci ma haka, sai in kai asuba a kan Free Fire, wasan harbe-harbe na waya. Ashe jikina bai fasa magana ba, ni ne na toshe kunne.

A wasan, mutum 50 ake saukewa a tsibiri, zagaye ɗaya kuma bai cika wuce minti 15 ba, shi ya sa "bari in ƙara ɗaya" ba ta da nauyi a baki. Fitsari ya matse ni, in ce sai an gama wannan. Kafin in ankara na shiga na gaba, matsuwar ta lafa kamar ba a yi ba.

A azumin bara Umma ta ajiye mini tuwon sahur a gefen katifa, ta ce, "Ka ci tun da zafinsa." Na ce, "To, Umma." Ban ɗago ba sai da aka kira sallar asuba. Miyar kuka ta daskare a kwano, ko ruwa ban kurɓa ba. Ina ajiye wayar komai ya taso mini lokaci guda: ƙishirwa, wuya ya sage, babban yatsana ya ƙi lanƙwasuwa, muƙamuƙi yana ciwo saboda cije haƙoran da ban san ina yi ba. Bayan la'asar jiri ya kayar da ni a tsakar gida.

Na goge wasan, kwana huɗu na sake sauke shi. A lokacin ne na karanta cewa tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar wasannin waya da kwamfuta cikin jerin cututtuka, kuma cikin alamominta har da ci gaba da yi alhali mutum yana ganin illar. Wannan ta soke ni.

Abin da ya yi mini aiki ƙarami ne. Duk zagayen da ya ƙare, sai in kife wayar, in miƙe tsaye, in saurari cikina, maƙogwarona, wuyana, idanuna. In ɗaya ya yi ƙorafi, na tashi ke nan. A makon farko sai na tsaya kusan minti biyu kafin in gane cewa yunwa nake ji. Minti biyu, don in ji cikina! Yanzu ƙanena ya fara cewa shi ba ya jin yunwa in yana wasa, kuma duk dare nakan karɓi wayarsa sai ya ci abinci a gabana.