Dara ta ci gida

Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya, a saman wani bene da ke kan titin Bauchi a Jos. Ni da ƙanina muke rubuta manhaja, akwai wata yarinya 'yar Bukuru da ke yi mana zane, sai yaron da ke amsa waya yana kuma zagayawa wajen abokan ciniki. Abin da ke ciyar da mu aikin makarantun kuɗi ne, manhajar fitar da sakamakon jarrabawa, da kuma ta lissafin kaya da bashi da muke yi wa 'yan kasuwar Katako da dillalan gwari na Farin Gada. Amma da za ka tambaye ni aikin da na fi ji da shi, dara zan ce maka.

Na tashi a Gangare ina kallon mahaifina da abokansa suna yin ta a ƙasa bayan la'asar. A haƙa gidaje 30, layi 5 kowanne da gida 6, kowa ya riƙe 'ya'ya 12, wannan ya ɗebi tsakuwa, wancan ya kakkarya kara. Sai an gama zuba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya sannan a fara tafiya, wanda ya jera uku ya cire ɗa ɗaya na abokin wasansa. Jera huɗu ba ci ba ne. Wannan wasan muka sa a waya. Mun yi shi ɗan ƙarami don mutanenmu lissafin data suke yi, kuma yawancinsu ƙananan wayoyin Tecno da itel da Infinix ne a hannunsu. Ba ya buƙatar intanet, ba ya tambayar suna ko lambar waya. Ka buga da wayar, ko ku biyu ku riƙa miƙa wa juna. Daga baya ƙanina ya ƙara wani ɗan shafi da muka kira littafin ci, inda ake ajiye wa ya ci wa, sau nawa. A lokacin ban ɗauke shi bakin komai ba.

Kuɗin da ke cikin wannan sana'a ba su taka kara sun karya ba. Dala 25 ake biya sau ɗaya a buɗe asusun masu manhaja a Google Play, kasuwar da ake sauke manhajojin Android. Wasanmu kyauta ne, talla ce ke kawo ɗan abin da ake samu, ita ma sai mai wasa ya kunna data take fitowa, kuma ba a turo maka kuɗin sai sun taru sun kai dala 100. Akwai watan da ake kai wa, akwai wanda sai an haɗa da na gaba. Kuɗin man janareta ne da data, ba na hayar ofis ba.

Akwai wata ƙa'ida da duk mai wannan aiki ya sani. Kowace shekara, zuwa 31 ga Agusta, dole sabuntawar da za ka tura ta dace da sabon tsarin Android na kusa-kusa. Ana sanarwa tun da wuri, wata da watanni. Mu ne muka yi ta jan ƙafa, don Yuli lokacin sakamakon zango na uku ne, makarantu sun sa mu gaba ba dare ba rana. Da muka farga, kwanaki kaɗan suka rage. Sai na ce tunda dai za a taɓa wasan, a haɗa da gyaran da muka daɗe muna so, wato a canza yadda littafin ci yake ajiye bayanansa a cikin waya domin ya ɗauki sunayen abokan wasa da yawa. Ni na yanke wannan shawara. Ƙanina ya ce, "Yaya, a raba su biyu mana, a fara tura na wa'adin." Na ce ba mu da lokacin yin aiki sau biyu.

Mun gwada, ba wai ba mu gwada ba. A wayoyi biyar muka gwada, ya yi aiki lafiya lau. Sai dai kowace waya sai mun goge tsohon sannan mu sa sabon. Ba wanda ya ɗora sabon a kan tsohon da ke ɗauke da bayanan wata da watanni, alhali haka zai faru a wayar kowane mai wasa na gaske. Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo. Akwai hanyar da ake sakin sabuntawa kaɗan-kaɗan, a fara da kashi 5 ko 10 cikin 100 na masu wasa, a zuba ido kwana ɗaya ko biyu, in an ga matsala a tsayar. Na san da ita sarai. Na sake shi ga kowa a lokaci guda, ranar Alhamis.

Ana saukowa daga masallacin Juma'a wayar ofis ta fara ƙara. Maganar duk ɗaya ce: da ka taɓa wasan sai allo ya yi fari, ya koro ka waje. Abin da ya ɗaure mana kai da farko, a wayoyinmu ƙalau yake. Sai da yaronmu ya karɓo wayar wani mai shayi da ke ƙasan benenmu, muka jona ta da kwamfuta, sannan muka gani. Sabon zubin, wato sabuntawar da muka saki, yana buɗe tsohon littafin ci, ya tarar da shi ba a tsarin da yake tsammani ba, sai ya faɗi tun kafin ya nuna komai. Wanda ya sauke wasan jiya bai san ana yi ba. Wanda ya shekara biyu yana bugawa kullum, shi abin ya faɗa wa. Waɗanda suka fi riƙe mu amana su muka fi cuta, kuma wannan ne ya hana ni barci a daren.

Gyaran kansa bai kai awa biyu ba. Layuka kaɗan ne: in ka tarar da tsohon littafi, ka juya shi zuwa sabon tsari, in ya ƙi juyuwa ka ajiye shi gefe ka buɗe wasan. A nan ne wanda ba ya cikin sana'ar yake kasa fahimtarmu. Mutane suna ta cewa, ku mayar mana da na da mana. Ba ya yiwuwa. Kowane zubi yana da lamba, kuma waya ba ta karɓar ƙaramar lamba a kan babba sai an goge wasan gaba ɗaya, in kuwa aka goge, littafin ci ya tafi. Ko da na tsayar da sakin, wanda ya riga ya karɓa ya karɓa. Hanya ɗaya ce: a tura sabon zubi mai lamba ta gaba, ya shiga layin dubawa kamar na kowa. Dubawar nan wani lokaci awanni ce, amma a rubuce yake cewa tana iya kai kwana 7 ko fiye. Ban ga laifin masu dubawa ba, don dubawar ce ke tare manhajojin ɓarayi kafin su shiga wayar mutane. Sauri ne ya haifi matsalata, kuma saurin nawa ne.

Da asubar Asabar muka tura. Daga nan sai jira.

Abin da ya fi tayar min da hankali a kwanakin jiran shi ne shawarar da kowa ke bayarwa idan manhaja ta ƙi buɗewa: goge ka sake saukewa. Kuma tana aiki, wasan zai buɗe, amma da littafi fari fat. Ba mu da hanyar yi wa masu wasa magana, tunda da gangan muka ƙi karɓar lambar kowa. Mun rubuta a shafinmu na Facebook, mun sa a WhatsApp, amma dattawan da ke buga dara ba can suke ba. Wajen mai gyaran waya suke zuwa. Don haka ranar Asabar ɗin, cikin ruwan Agusta da sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi, ni da yaronmu muka ɗauki lema muka bi masu gyaran waya da masu tura waƙoƙi, daga kewayen tsohuwar kasuwar Terminus, wadda ta ƙone tun 2002, muka bi Ahmadu Bello Way, muka dawo ta Dilimi. Kowane teburi magana ɗaya: don Allah in an kawo waya a kan wasan dara, kada a goge, a ce su yi haƙuri gyara na tafe. Wasu suka karɓi lambata. Wani ya ce min, "Oga, ai tun jiya na goge wa mutum uku." Ban ga laifinsa ba, abin da ya sani ya yi.

Ranar Litinin wani dattijo ya hau benenmu, yana hutawa a kowane hawa. Tela ne a Anguwar Rogo. Ya ce an ce masa nan ne masu dara. Na ba shi kujera, yarinyar ta kawo masa ruwa. Ya ce shi da amininsa tun suna samari suke bugawa, yanzu ƙafa ta hana aminin fita, shi yake zuwa gidansa bayan isha'i da wayar, su yi uku ko huɗu kafin ya koma. Jikansa ya goge masa wasan ranar Juma'a don ya taimake shi. "Ɗana, wasan ya dawo, amma lissafinmu fa?" Na ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba, ya tafi, kuma ba laifin yaron ba ne, laifina ne." Ya yi shiru, ya juya wayar a hannunsa, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi.

Gyaran ya fito ranar Talata da hantsi. Amma fitowa a kasuwar manhaja daban, isa wayar mutum daban. Galibin wayoyi an saita su ne sai sun samu wayafai suke sabunta manhaja da kansu, mutanenmu kuwa da data suke aiki, wasu ma sun kashe sabuntawar gaba ɗaya don kada ta cinye musu kuɗi. Sai da muka sake zagaya teburan nan muna cewa yanzu a shiga a danna sabuntawa da hannu. Mako biyu ana kiranmu a kan matsalar da muka riga muka gyara. Taurarin da masu wasa ke ba mu a kasuwar manhaja suka zube. Akwai kuma ma'aunin da kasuwar ke dubawa: in masu wasan da manhaja ke faɗo musu suka haura kashi 1.09 cikin 100, ana iya rage nuna ta ga sababbin mutane. Mun haura shi nesa ba kusa ba, kuma mun ji a jikinmu har watan gaba.

Tun Nuwamban 2023 an sa wa sababbin masu buɗe asusu na ƙashin kansu sharaɗin sai mutane sun gwada manhajarsu kwana 14 kafin a sake ta, da farko mutum 20, daga baya aka rage zuwa 12. Asusunmu ya girmi dokar, kuma da ina jin tausayin yaran da ta shafa. Yanzu da kaina na ɗora mana ita. Muna da mutanen da ke karɓar kowane zubi kafin kowa, har da mai shayin nan da masu gyaran waya biyu. Akwai tsohuwar waya mai fasasshen gilashi a durowata da ba a taɓa goge komai a cikinta, a kanta ake fara ɗora kowane sabon zubi. Ba ma sakin komai daga Alhamis zuwa Lahadi, ba ma haɗa gyara biyu a tafiya ɗaya, kuma da kashi 5 muke farawa. Littafin ci kuwa yanzu ana iya fitar da shi a tura wa kai ta WhatsApp a ajiye.

Ƙanina ne ya kawo shawarar a ƙara wurin da mutum zai iya rubuta tsohon lissafinsa da hannu. Da ya fito, na sayi lemo da ayaba na tafi Anguwar Rogo bayan isha'i, Baba tela ya raka ni gidan amininsa. Na tarar da shi a kan tabarma, ƙafar a miƙe an lulluɓe ta da bargo. Na nuna musu inda za a rubuta, na tambayi adadin. Baba ya ce shi 214, amininsa 190. Aminin ya girgiza kai ya ce 192 ne, akwai biyu na daren da aka ɗauke wuta suka ƙarasa da hasken wayar. Baba ya yi ɗan tunani, ya ce, "Rubuta masa, ɗana, gaskiyarsa ne." Na rubuta na miƙa musu wayar, aminin ya gyara zama ya fara zuba 'ya'yansa.