Ɗan yayata da fam ɗin JAMB

Daren Asabar ɗan yayata ya same ni a shago a Kakuri, hannuna duk baƙin mai, ina kwance famfon wata janareta. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Kawu, injiniya nake so in karanta, amma na rasa wacce zan sa a gaba, Kadpoly ko ABU."

Na daɗe ban ce masa komai ba, domin tambayar ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi.

Ni ɗan foli ne, kuma ina alfahari da hakan. Kadpoly, makarantar nan ta kimiyya da fasaha da ke Tudun Wada a Kaduna, tun 1956 take, ta girmi ABU da aka buɗe a 1962. Shekara biyu na yi ND, wato ƙaramar difloma, na fita shekara guda koyon aiki, na dawo na ƙara biyu na HND, babbar difloma. Tun zangon farko aka miƙa mini guntun ƙarfe da zarto aka ce in goge shi har ya daidaita. Kwana uku ina abu ɗaya, tafin hannuna ya yi kanta. Malamin ya ɗora ma'auni a kai, ya ɗaga sama yana duba ko haske zai ratsa, ya miƙo mini ya ce saura. Har gobe da wannan idon nake duba aiki. In an tashi kuma sai mu gangara Panteka, mu tsaya kan masu walda da masu zuba alminiyom, mutanen da ba su da takarda amma injin niƙa sukutum suke ƙerawa.

To amma akwai katangar da ba wanda ya gaya mini. A wani kamfani da na fara aiki, ni na koya wa wani saurayi mai digiri yadda ake saita bawul, bayan shekara biyu shi ke sa hannu a takardar hutuna. Ba laifinsa ba ne, yaron kirki ne. Tsarin ne haka: COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, tana yi wa mai HND rajista ne a matsayin masanin fasaha, in yana son sunan injiniya sai ya koma ya yi difloma ta gaba da digiri. Majalisa ta amince da ƙudurin soke bambanci tsakanin HND da digiri a 2021, amma ba a sa masa hannu ba.

Akwai kuma abin da na gani wurin saurayin nan da ya burge ni. Ya iya rubuta rahoto, ya iya tsayawa gaban manya ya bayyana dalilin da ya sa inji ya lalace da kuɗin da gyaransa zai ci. Shekara biyar a ABU Samaru yana kwana ɗaki ɗaya da masu karanta tarihi da tattalin arziki, suna musu har tsakar dare, ba banza ba ce. Ni sai da na fara neman kwangila na koyi wannan, da kyar.

Shi ya sa na ce wa yaron ya sa ABU a gaba, tunda lissafinsa mai kyau ne, in kuma makin bai kai ba ya shiga foli kansa a ɗage, kada ya zauna gida yana jiran wata shekara. Amma na kafa masa sharaɗi: duk hutu, da duk ranar da aka tafi yajin aiki, nan shagon zai dawo.

Ya ce ya yarda. Na miƙa masa sifana mai lamba 17 na ce ya fara da kwance murfin nan, ya jera notunan a kan kwali yadda ya ciro su.